Howard Finster: Mai wa'azin da ya yi wa mawaƙan rock zane

An haifi Howard Finster a ranar 2 ga watan Disamba na 1916 a Valley Head da ke jihar Alabama ta Amurka. Karatunsa bai wuce aji shida ba, kuma tun yana ɗan shekara 16 ya fara wa'azi a ɗarikar Baptist.

Bai kama zane gadan-gadan ba sai a 1976, lokacin da ya ce ya ga siffar fuska a fentin da ke yatsarsa yana cikin gyaran keke. Ya ɗauki hakan a matsayin umarnin ya riƙa wa'azi da zane.

Lambun da ya ƙawata da tarkacen kayayyaki kusa da garin Summerville a jihar Georgia ne ya ja hankalin ƙungiyar mawaƙa ta R.E.M., wadda ta ɗauki bidiyon wata waƙarta a can a 1983.

A 1984 shi da jagoran mawaƙan, Michael Stipe, suka zana macijin da ke bangon faifansu mai suna Reckoning. A 1985 kuma ya zana wa ƙungiyar Talking Heads bangon faifan Little Creatures, wanda mujallar Rolling Stone ta zaɓa a matsayin gwarzon shekara.

Hujjar Finster ta yin aiki da mawaƙan ita ce, ayoyin da yake rubutawa cikin zanen suna shiga duk gidan da faifan ya shiga.

Ya mutu a ranar 22 ga watan Oktoba na 2001, ya bar ayyuka fiye da 46,000.