Marigayi Mustafa Sid Ahmad, mawaƙin Sudan da ciwon ƙoda ya raba da gida

’Yan kasuwarmu da suka yi zamanin sarin kaya a Suk Libiya ta Omdurman ba za su rasa jin muryar Mustafa Sid Ahmad daga bakin masu kaset ba. An haife shi a 1953 a ƙauyen Wad Sulfab cikin yankin Jazira. Malamin makaranta ne tun farko, kafin ya shiga babbar makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo ta Khartum. Waƙoƙinsa na manoma ne da leburori, da yawansu daga alƙalamin sha’iri Hummaid, shi ya sa talaka ya riƙe shi nasa.

Yana kan ganiyarsa ƙoda ta gaza. Ba wai Sudan ba ta san aikin ba, domin tun 1974 Dakta Umar Bilel ya yi dashen ƙoda na farko a ƙasar. To amma dashe aikin yini guda ne, magani kuwa na har abada ne. Wanda aka dasa wa ƙoda dole kullum ya sha magungunan da ke danne garkuwar jiki, irin su saikulosforin da firedinisolon, in ba haka ba jiki ya ɗauki sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa ya yaƙe ta. Ga tsada, ga shi ba a tsallake rana, kuma su kansu suna buɗe wa wasu cututtuka ƙofa.

A ƙarshen shekarun 1980 aka yi masa dashe a Rasha, amma ƙodar ba ta ɗore ba. Ya zauna a Alƙahira, daga bisani ya koma Doha ta ƙasar Katar, inda ya dogara da wankin ƙoda. Wannan kuwa galibi sau uku ne a mako, awa huɗu-huɗu a jikin na’ura, da hefarin don kada jini ya daskare, da allurar ƙarin jini, da ƙwayar rage fosfet a kan kowane cin abinci. Ko ruwan sha sai an auna. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a cikin wannan hali bai ajiye garayarsa ta udu ba, kaset-kaset ɗinsa suka ci gaba da isa Khartum hannu da hannu.

Allah Ya yi masa rasuwa a Doha ran 17 ga Janairu 1996. Dubban jama’a suka tarbi gawarsa a filin jirgin saman Khartum, aka raka shi Wad Sulfab aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa.