Kanta, Sarkin Kabi: Abin da Ya Gina da Abin da Ya Rage

A wannan wata za mu ba masu karatu labarin Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi na fari. Mu mazauna Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe maƙwabtan Kabawa ne. Muna cin kasuwa tare da su, muna sayen kifinsu da shinkafarsu, amma kaɗan ne a cikinmu suka san mutumin da ya mai da su al'umma.

An haifi Kanta wajen ƙarshen ƙarni na 15. Bisa ga labarin da Kabawa suka gada, ubansa baƙo ne da ya zauna a ƙasar Katsina, uwarsa kuwa 'yar sarki ce. Yaron ya tashi da ƙarfi ƙwarai, ya yi kiwon shanu, ya yi suna wajen dambe da kokawa. Da bai sami sarauta a gida ba, sai ya nufi yamma, samari masu ƙarfi suna biye da shi. Ya sauka a kwarin Gulbin Kabi, inda masunta da manoman fadama suke zaune, ya zama shugaba a garin Leka.

A zamanin nan babu sarki a yamma kamar Askiya Muhammadu na Songhai, mai mulki daga birnin Gao a bakin Kwara. Kanta ya bi shi yaƙin Agadas da mutanensa. Suka ci nasara, amma da aka zo rabon ganima, mutanen Kanta suka ga an tauye su. Saboda haka wajen shekarar 1516 Kanta ya tayar, ya ƙi bin Songhai. Askiya ya aiko da runduna, ba ta iya da shi ba. Bayan shekaru wani Askiya kuma ya zo da kansa, aka kore shi da mugun kaye. Littafin tarihin Timbuktu da ake kira Tarihus Sudan ya shaida waɗannan abubuwa, ko da shi ke mutanen Songhai ne suka rubuta shi.

Ina asirin ƙarfinsa? Ruwa ne. Songhai da dawakai take yaƙi, ƙasar Kabi kuwa fadama ce da gulbi. Da damina doki ba ya iya ratsa ta, amma Bakabe ya san kowane mashigi, yana da jirgin ruwa, yana da kifi da shinkafa da za su ciyar da shi in an kewaye shi. Kanta ya gane wannan, ya kafa mulkinsa a kansa. An ce shi kansa yana da babban jirgi da aka dalaye da tagulla, wanda yake kewaya ƙasarsa a ciki lokacin cikar ruwa.

Ya gina birane masu ganuwa, Gungu da Leka da Surame. Surame ce babbarsu, an gina ganuwarta da duwatsu da jar ƙasa. Kada mu manta da waɗanda suka ɗauki duwatsun nan. Ƙasashen da ya ci su ne suka aiko da ma'aikata tilas. Ana ba da labari cewa Nufawa sun makara, sai ya hana su ruwa, ya sa su kwaɓa ƙasa da man kaɗanya. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, ya nuna yadda talakawa suka tuna da nauyin hannunsa.

A ƙarshen ransa Sarkin Barno ya kawo masa yaƙi har Surame, bai ci birnin ba. Kanta ya bi shi gabas har wajen Nguru, ya fatattaki rundunarsa. A kan hanyar komowa, cikin ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya, ya mutu. Wannan ya faru wajen tsakiyar ƙarni na 16, bayan ya yi mulki kusan shekara 40. Mutanensa suka ɗauko gawarsa zuwa Surame.

To, me ya sami aikinsa? Wajen farkon ƙarni na 18 jikokinsa suka bar Surame, suka koma Birnin Kabi. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kabi. Kabawa suka watse, amma ba su ɓace ba. A 1849 Yakubu Nabame ya sake tayar da tutarsu, Argungu ta zama mazauninsu. Shekaru da yawa ana kai hari tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu. Tambuwal, inda Buhari ɗan Shehu ya zauna, tana cikin garuruwan tsaron iyaka a kwanakin nan. Kakannin waɗansunmu sun kwana da tsoro saboda yaƙin.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu. Kabawa suka tarbe shi da abin da suka fi iyawa, wato su. Daga nan bikin kamun kifi na Argungu ya samo girmansa. Dubban mutane sukan faɗa ruwan Matan Fada da homa da gora, kowa yana neman giwan ruwa mafi girma, bayan Sarkin Ruwa ya ba da izini. Akan yi tseren jirage da ninƙaya da kokawa da dambe. Baƙi sukan zo daga nesa, masu abinci da masu masauki da masu sana'ar hannu su sami ciniki. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. A 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu, gama fadamar da ta ciyar da mayaƙan Kanta tana nan tana ba da amfani.

Ba Kabawa kaɗai aka raba da garinsu suka rayu ba. A Amurka akwai wata kabila, Choctaw. Bayan yarjejeniyar 1830 aka tashe su daga ƙasar Misisipi zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu, da yawa suka mutu a hanya. Amma sun riƙe harshensu da wasanninsu, yau suna da majalisarsu da kamfanoni na kansu, ribar kuwa tana zuwa makarantu da asibitoci na jama'arsu.

Gadon nan yana iya salwanta. Surame kufai ce yau, cikin ƙaramar hukumar Binji, ko da shi ke an sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Bikin Argungu ma ya tsaya bayan 2009, bai komo ba sai 2020. In gulbi ya cushe da yashi, ko aka kashe ƙananan kifi da guba da ƙaramar raga, babu ganuwar da za ta tsare shi. Duwatsun da aka tilasta wa mutane su ɗauka sun zube. Sana'ar da uba ya koya wa ɗansa da yardar rai ita ce ta kai shekara 500. Bari kowane mai karatu ya tambayi dattawan gidansa abin da suka gada, ya koya, ya koya wa 'ya'yansa tun dattawan suna da rai.