Marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa cikin ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya shiga waƙa ba, domin ana ɗaukarta roƙo. Da tallar goro da alewa ya fara, yana waƙa a dandali, kafin ya koma Bakori.

Abin da ya fifita shi a kan tsararrakinsa shi ne ba ya zama ya tsara waƙa tukuna. Sai makaɗa sun saki kalangu, 'yan amshi sun kama, sa'an nan ya dubi wanda ke gabansa, basarake ne ko direba ko manomi, ya ƙaga masa waƙa nan take, kalma ba ta saɓa wa kiɗa ba. Masu murya kam suna da yawa. Wannan basira ce ta yi wuyar samu. Ko Bakandamiya ma da wuya a ji ya rera ta iri ɗaya sau biyu.

Gidan Rediyon Kaduna ya kai muryarsa ko'ina a Arewa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano cikin watan Yuni 1999, aka binne shi a Daura.