Mary Shelley, marainiyar da ta fara rubuta Frankenstein tana ƴar shekara 18

Idan masu son labaran ban tsoro suna ba juna shawarar littafin da ya kamata mutum ya fara da shi, da wuya a tashi ba a ambaci Frankenstein ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka san sunan ta hanyar fim sun ɗauka sunan dodo ne, alhali sunan mutumin da ya ƙera dodon ne. Wannan bambanci shi ne zuciyar labarin, kuma rayuwar matar da ta rubuta shi tana taimaka wa mai karatu ya gane dalili.

An haifi Mary Godwin a birnin Landan ranar 30 ga Agusta 1797. Mahaifinta William Godwin masanin falsafa ne, mahaifiyarta Mary Wollstonecraft kuwa ta yi suna wajen fafutukar ilimin mata. Kwana 11 da haihuwa uwar ta rasu sakamakon zazzaɓin jego. Yarinyar ta tashi a gidan da littattafai suka cika shi, a hannun matar uba da ba sa jituwa, kuma ta saba zuwa kabarin mahaifiyarta ta zauna tana karatu.

A 1814, tana da shekara 16, ta gudu zuwa Faransa tare da mawallafin waƙoƙin nan Percy Shelley, wanda a lokacin yake da mata. Mahaifinta ya yanke hulɗa da ita fiye da shekara biyu. A farkon 1815 ta haifi ɗiya bakwaini, wadda ba ta yi mako biyu a duniya ba.

A tsakiyar 1816 Mary da Percy suka je bakin tafkin Janiba a ƙasar Suwizalan, inda suka haɗu da wani mawallafin waƙoƙi, Lord Byron, da likitansa John Polidori. Shekara guda kafin nan dutsen Tambora na Indunusiya ya yi aman wuta, tokarsa ta bazu a sararin sama, har Turai ta wayi gari cikin sanyi da ruwa ba ƙaƙƙautawa a watannin da ya kamata a ce zafi ake yi. Da ruwan ya hana su fita, sai suka riƙa karanta labaran fatalwa, Byron ya kawo shawarar kowa ya rubuta nasa. Daga wannan gasa Polidori ya samar da The Vampyre, wanda ya share fage ga labaran masu shan jini irin su Dracula. Ita kuwa Mary ta fara Frankenstein.

Zamanin ya ba ta kayan aiki. Masanin Italiya Luigi Galvani ya riga ya nuna cewa wutar lantarki tana motsa ƙafar mataccen kwaɗo, kuma a 1803 wani ɗan'uwansa, Giovanni Aldini, ya gwada hakan a kan gawar wani da aka rataye a Landan. Mutane suna ta muhawara a kan ko kimiyya za ta iya tayar da matacce.

A cikin littafin, Victor Frankenstein ɗalibi ne a jami'ar Ingolstadt ta Jamus. Ya harhaɗa sassan jiki, ya samar da wata halitta da ta fi kowane mutum tsawo, amma tana buɗe ido sai muninta ya firgita shi, ya tsere ya bar ta. Halittar ba ta fara da mugunta ba. Ta ɓuya kusa da gidan wasu talakawa, ta koyi magana da karatu ta hanyar leƙensu, har tana yi musu itace da dare. Duk inda ta nemi a karɓe ta sai a kore ta da duka, daga nan ta juya neman fansa a kan wanda ya yi ta. Mai karatu zai tarar marubuciyar tana ta auna wa ya fi laifi tsakanin su biyun, kuma da wuya a manta cewa ita kanta ta tashi babu uwa, uba kuma ya taɓa juya mata baya.

Littafin ya fito ranar 1 ga Janairu 1818, kwafi 500, ba tare da sunanta ba. Da yake Percy, wanda ta aura a ƙarshen 1816, shi ya rubuta gabatarwar, mutane da dama suka zaci aikinsa ne. A bugun Turanci, sai a na 1823 sunanta ya bayyana.

Bayan haka rashi ya yi ta bin ta. A Italiya ɗiyarta Clara ta rasu a 1818, ɗanta William ya bi a 1819, sannan a Yulin 1822 Percy ya nutse a teku bayan guguwa ta kifar da jirginsu. Kafin ta cika shekara 25 ta zama bazawara, da ɗa guda kacal a raye cikin huɗu da ta haifa. Ta koma Ingila, ta riƙe yaron da abin da take samu daga rubutu da ɗan tallafin da surukinta yake bayarwa bisa sharuɗɗa masu tsauri. A 1826 ta fitar da The Last Man, labarin annobar da ta ƙarar da bil'adama a ƙarni na 21. Ita ce kuma ta tattara waƙoƙin mijinta ta buga su. Ta rasu a Landan ranar 1 ga Fabrairu 1851, tana da shekara 53.

Dodon nan mai faffaɗan goshi da ƙarafa a wuya, wanda ba ya magana sai gurnani, fim ɗin Amurka na 1931 ne ya zo da shi, inda Boris Karloff ya fito a matsayinsa. Na cikin littafi yana magana da hujja, yana kuma neman haƙƙinsa. Shi ya sa a yau, da ake muhawara kan ƙirƙirarriyar basira da alhakin waɗanda ke ƙera ta, sunan Frankenstein yake yawan dawowa. Ga wanda ya fi sakewa da Faransanci, an fassara littafin tun 1821, kuma ana samunsa kyauta a intanet saboda wa'adin haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa.