Likita Langdon Down, Gatan Marasa Gata

Da wuya mutum ya zaga ƙauyukan ƙasar Ɗambatta da Bichi bai ga irin mutanen nan ba, gajeru, masu faffaɗar fuska da ƙananan idanu, masu nauyin baki da saurin fara'a. Larurar da aka haife su da ita ta ci sunan wani likita ne na Ingila, watau John Langdon Down. To, ga tarihinsa a taƙaice.

An haife shi cikin shekarar 1828 a wani ɗan gari da ake kira Torpoint, a kudu maso yammacin Ingila. Ubansa mai kanti ne, shi kuwa tun yana yaro yake taya shi ciniki. Yana da shekara 18, ran nan ruwan sama ya kora su wani gida a karkara, inda wata yarinya mai raunin hankali ta kawo musu shayi. Tausayinta bai bar zuciyarsa ba har ya tsufa. Cikin 1853 ya shiga koyon aikin likita a Asibitin Landan, ya yi zarra cikin tsararrakinsa.

Cikin 1858 aka ba shi riƙon Earlswood, gidan da ake ajiye masu raunin hankali. Ya tarar da ƙazanta da cunkoso da bulala, ga cuta tana ta kashe yara. Nan da nan ya hana duka, ya gyara abinci da makwanci, ya sa aka shiga koya musu karatu da sana'a. Cikin 1866 ya rubuta bayanin wani kashi na yaran nan masu kamanni ɗaya, ya nuna suna da kwaikwayo, suna kuwa koyo in an yi haƙuri da su. Amma ya yi kuskure guda, da ya kamanta su da mutanen Mongoliya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yar da wannan suna cikin 1965.

Cikin 1868 shi da matarsa Mary suka buɗe nasu gida, Normansfield, kusa da Landan, har suka gina musu zauren wasa. A nan ya rasu cikin 1896. Wani abin mamaki, bayan rasuwarsa da shekara tara aka haifa masa jika mai wannan larura, wanda ya rayu shekara 65.

A zamanin Down yawancinsu ba su daɗewa a duniya, saboda haka abin da ke samunsu in sun manyanta bai fito sosai ba. Duk da haka cikin 1876 waɗansu likitoci biyu, Fraser da Mitchell, sun lura tsufa yakan zo musu da wuri. Sai cikin 1959 masana a Faransa suka gano asalin larurar. Cikin ƙwayoyin halittar mutum akwai waɗansu zarurruka na gado guda 46, ana ce da su kuromosom, su kuwa nasu 47 ne, domin na ashirin da ɗaya ya zama uku maimakon biyu. Shi wannan zare shi ke ɗauke da tushen wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya jawo cutar Alzheimer, irin gigin tsufa mai cinye tunani. Kafin su kai shekara 40 kusan dukansu ya fara taruwa, alamun kuwa galibi bayan shekara 50 suke bayyana.

Nan ne abin ya shafe mu. Sau da yawa hali ne ke fara sakewa kafin mantuwa. Mutumin da ya shekara talatin yana kai abinci gona, yana yi wa awaki ciyawa, yana ɓarar gyaɗa, sai a ga ya daina. Ya ƙaurace wa mutane, ya yi fushi ba dalili, ya kasa barci, ko ya ɓata tsakanin gida da rijiya. Wani har farfaɗiya takan kama shi. Sai 'yan'uwa su ce taurin kai ne, waɗansu su ce iska ce, a kai ga tsawa ko turu.

Jama'a, wannan ciwo ne, ba rashin kunya ba. A fara kai shi asibiti, gama raunin ji ko gani, ko ciwon maƙoshi mai rage kuzari, ko baƙin ciki bayan mutuwar uwa, duk suna iya kawo haka, suna kuwa da magani. In gigin ne, har yanzu ba a sami mai warkar da shi ba, amma kulawa tana rage wahala. Kada a sake masa ɗaki, kada a yi masa gardama, a bar masa ɗan aikin da yake iyawa, a sa ido kan wuta da rijiya. Down ya ajiye bulala domin su suna yara. Bai kamata mu ɗauke ta ba bayan sun yi furfura.