TARIHI: Seretse Khama, ɗan sarkin da ya cire lu'u-lu'u daga hannun masarautarsa ya miƙa wa ƙasa baki ɗaya

A ranar 30 ga Satumba, 1966, da aka sauke tutar Birtaniya a Gaborone, sabuwar ƙasar Botswana tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Faɗinta ya ɗara na Faransa, amma titin kwalta da ke cikinta bai wuce kilomita 12 ba. 'Yan ƙasar da suka kammala jami'a su 22 ne, waɗanda suka gama sakandare kuwa kimanin 100. Fari na shekaru a jere ya kashe kusan kashi ɗaya bisa uku na shanun jama'a, layin dogo ɗaya tilo da ya ratsa ƙasar yana hannun kamfanin Rodeshiya, sannan kusan rabin kuɗin da gwamnati ke kashewa na yau da kullum tallafi ne daga Landan.

Mutumin da ya karɓi wannan ƙasa, Seretse Khama, ya shugabance ta shekara 14 har rai ya yi halinsa. A tsawon lokacin tattalin arzikinta ya shiga sahun waɗanda suka fi saurin bunƙasa a duniya. Sau da yawa akan danganta hakan da lu'u-lu'u kawai, sai dai Saliyo da Kwango da Angola ma suna da lu'u-lu'u, kuma kowa ya san abin da ya jawo musu. Abin da Khama ya yi kafin kuɗin su fara shigowa shi ne tsayar da amsar tambayoyi biyu a cikin doka: wane ne mai arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma ta wace hanya za a kashe kuɗinsa.

Maraya a gidan sarauta

An haifi Seretse a ranar 1 ga Yuli, 1921, a garin Serowe, hedikwatar masarautar Bamangwato, wadda ta fi kowace girma a yankin da Turawa ke kira Bechuanaland. Kakansa, Khama na Uku, yana cikin sarakuna uku da suka je Landan a 1895 suka hana a miƙa ƙasarsu ga kamfanin Cecil Rhodes. Mahaifinsa, Sekgoma na Biyu, ya rasu a 1925 Seretse yana ɗan shekara huɗu, sai baffansa Tshekedi Khama ya riƙe masa sarauta kafin ya girma.

Ya yi karatu a Afirka ta Kudu, ya sami digiri a Fort Hare a 1944, daga nan ya wuce Oxford, sannan ya koma Landan karatun lauya. A can ya haɗu da Ruth Williams, Baturiya ma'aikaciyar ofishin inshora, suka yi aure a watan Satumba na 1948. A shekarar ce jam'iyyar masu wariyar launin fata ta hau mulki a Afirka ta Kudu, wadda ba da jimawa ba ta haramta aure tsakanin baƙi da farare.

Tshekedi ya ƙi amincewa da auren. Aka kai maganar gaban kgotla, dandalin da Batswana ke taruwa su yanke shawara tare da sarkinsu, kuma a zaman watan Yuni na 1949 jama'a suka tsaya wa Seretse da matarsa. Amma Pretoria ta matsa wa Landan lamba, ita kuwa Birtaniya tana buƙatar zinariya da yuraniyom na Afirka ta Kudu. Gwamnatin Clement Attlee ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya gano cewa Seretse ya cancanci sarauta in ba don auren ba, sai aka ɓoye rahoton na tsawon shekara 30. A 1950 aka kira shi Landan aka hana shi zama a ƙasarsa. Bai dawo ba sai 1956, bayan ya amince ya yafe gadon sarautar ubansa.

Ya dawo a matsayin talakan gari mai kiwon shanu, amma zaluncin da aka yi masa ya ƙara masa kwarjini har a wajen Bamangwato. A 1962 suka kafa jam'iyyar BDP tare da Quett Masire, malamin makaranta, manomi kuma ɗan jarida daga Kanye. A zaɓen 1965 jam'iyyar ta ci kujera 28 cikin 31. A shekarar ce kuma aka ɗauko hedikwatar mulki daga Mafeking, wani gari na cikin Afirka ta Kudu inda Turawa suka ajiye ta shekaru da dama, aka kawo ta Gaborone.

Dokar da ya fara da gidansu

A zamanin mulkin mallaka ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar kowace masarauta na masarautar ne, sarki da majalisarsa ke ba kamfani izinin haƙa. Bamangwato sun riga kowa a wannan harka, domin tun 1959 suka ƙulla yarjejeniyar neman ma'adinai da kamfanin Rhodesian Selection Trust, kuma a ƙasarsu aka gano tagulla da nikel na Selebi-Phikwe. Da an bar tsarin yadda yake, da masarautar shugaban ƙasa ce za ta yi arziki, sauran su zuba ido.

Khama ya bi sarakuna da tarukan kgotla yana neman a mayar da ikon ma'adinai hannun gwamnatin ƙasa, kuma a 1967 majalisa ta zartar da Dokar Ma'adinai da ta tabbatar da haka. A wannan shekarar masana duwatsu na kamfanin De Beers suka gano lu'u-lu'u a Orapa, ita ma a ƙasar Bamangwato. Sauran sarakuna ba su da hujjar cewa ana yi musu ƙwace, tun da wanda ya kawo dokar mutanensa ne suka fi kowa asara a cikinta. Amfanin hakan ya fito fili daga baya, lokacin da aka gano mahaƙar Jwaneng, mafi daraja a duniya, a ƙasar Bangwaketse: ita ma ta shiga baitulmalin ƙasa ba tare da wata gardama ba.

Haka aka yi da filaye. Dokar 1968 ta karɓe ikon rabon ƙasa daga hannun sarakuna ta ba hukumomin filaye, majalisar sarakuna kuma aka bar ta da ba da shawara kawai. Wannan bai wuce salin-alin ba. Sarki Bathoen na Biyu na Bangwaketse ya ajiye sarauta a 1969, ya shiga jam'iyyar adawa, ya kayar da Masire, mataimakin shugaban ƙasa, a mazaɓarsa ta Kanye. Khama ya karɓi sakamakon, ya dawo da Masire majalisa ta kujerun da tsarin mulki ya tanada na naɗi, bai janye dokokin ba.

Ciniki da manya

Botswana ba ta da injiniyoyi ko jarin haƙar lu'u-lu'u, kuma De Beers ke riƙe da kasuwarsa a duniya. A lokacin da ƙasashe irin su Zambiya ke karɓe kamfanonin ma'adinai, Khama ya zaɓi haɗin gwiwa. A 1969 aka kafa kamfanin da daga baya aka sani da Debswana, gwamnati na da kashi 15 cikin 100 na hannun jari. Da Orapa ta fara aiki a 1971 aka ga ribar ta zarce abin da aka ƙiyasta, gwamnati ta sake kiran kamfanin teburin ciniki, ta yi amfani da buƙatarsa ta faɗaɗa haƙa da buɗe sabuwar mahaƙa, kuma a 1975 kasonta ya koma kashi 50. Idan aka haɗa da haraji da kuɗin haƙƙin ma'adinai, mafi yawan ribar baitulmalin Botswana take shiga.

Ciniki na biyu da Pretoria aka yi shi. Tun 1910 Bechuanaland ke cikin ƙungiyar kwastan guda da Afirka ta Kudu, tana karɓar wani ɗan ƙanƙanin kaso da ba ya sauyawa komai yawan kayan da ta shigo da su. A 1969 Botswana da Lesotho da Swaziland suka sa aka sake yarjejeniyar: kaso ya koma bisa ƙimar kayan da ƙasa ta shigo da su, da ƙarin kashi 42 cikin 100 a kai. Ke nan duk injin da aka shigo da shi don Orapa ko Selebi-Phikwe yana ƙara wa gwamnati kuɗin shiga. A shekarar kuɗi ta 1972/73 Botswana ta biya buƙatunta na yau da kullum ba tare da tallafin Birtaniya ba.

Kundin da ya ɗaure hannun ministoci

Tun a 1966 gwamnati ta fitar da tsarin wucin gadi na raya ƙasa, a 1968 kuma aka fara jerin kundayen tsarin raya ƙasa masu wa'adin shekaru. A 1970 aka haɗe harkar kuɗi da ta tsare-tsare a ma'aikata ɗaya, wadda Masire ya daɗe yana riƙe da ita, domin kada masu tsara ayyuka su yi ta rubutu a wani ofishi, masu riƙe da lalita kuma suna kashewa a wani.

Ƙarfin kundin daga doka ya zo. Majalisa ce ke amincewa da shi, kuma ba a fitar da kuɗin gwamnati kan aikin da ba ya ciki sai an koma majalisa an yi gyara. Minista ba shi da ikon ƙirƙiro titi zuwa garinsu a tsakiyar shekara, ƙasar da ta zo da tallafi kuma sai ta zaɓi aiki daga cikin jerin da ke kundin. Kafin a amince da makaranta ko asibiti sai an lissafa albashin ma'aikata da kuɗin gyara na shekarun da ke tafe. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, a 1972 aka kafa asusu uku: na ayyukan raya ƙasa, na biyan bashi, da na ajiyar rarar kuɗi don shekarun da kasuwa za ta faɗi. Khama ya kuma bar ƙwararrun baƙi a kan kujerunsu har 'yan ƙasa suka horu, duk da sukar da 'yan adawa suka yi masa a kan hakan.

Ta wannan hanya aka gina madatsar ruwa ta Shashe da tashar lantarki da reshen layin dogo don mahaƙar Selebi-Phikwe. Aka shimfiɗa hanyar Nata zuwa Kazungula da kuɗin Amurka, wadda ta ba ƙasar mafita zuwa Zambiya ba tare da bi ta ƙasashen da farar fata 'yan tsiraru ke mulki ba. A 1976 aka daina amfani da rand aka fito da kuɗin ƙasa, pula, wato ruwan sama a harshen Setswana. A shekarar ce kuma, bayan Lesotho ta karɓe harabar jami'ar da ƙasashen uku suka yi tarayya a kanta, Khama ya nemi kowane mutum ya ba da sa guda, jama'a suka kawo shanu da hatsi da kaji aka fara gina jami'a a Gaborone.

Mai karatu a Najeriya zai ga kamanni a nan. Dokar Man Fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya mai da iskar gas, kuma ƙasar ta yi kundayen raya ƙasa huɗu tsakanin 1962 da 1985. A 1975, shekarar da Botswana ta kai kasonta rabi, ɗaruruwan jiragen ruwa ɗauke da siminti sun yi cirko-cirko a gaɓar Legas saboda an yi odar abin da tashar ba za ta iya saukewa ba. Dokar mallaka iri ɗaya ce a ƙasashen biyu. Inda suka rabu shi ne ko kundin tsari yana da ikon hana kashe kuɗi.

Inda aikin bai kai ba

Mahaƙar Selebi-Phikwe, wadda aka fi ɗora wa buri da farko, ta fara da matsalar injuna da faɗuwar farashi, ta yi shekaru cikin bashi, a ƙarshe aka rufe ta a 2016 dubban mutane suka rasa aiki. Manufar wuraren kiwo ta 1975 ta ba manyan masu shanu damar killace filaye da rijiyoyi, kuma Khama da yawancin jiga-jigan jam'iyyarsa manyan masu shanu ne. Al'ummar San, mafarautan Kalahari da suka riga kowa zama a ƙasar, ba su sami wuri a teburin rabo ba, kuma rikicin filayensu ya ci gaba har kotu ta yanke hukunci a kansa a 2006. Tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi a Botswana har yau tana cikin mafi faɗi a duniya.

Ya yi mulki a tsakiyar maƙwabta masu makamai. Bai kafa rundunar soja ba sai 1977, bayan sojojin Rodeshiya sun yawaita kutse, kuma a 1978 suka kashe masa soja 15 a Lesoma. Ya karɓi 'yan gudun hijira, ya ƙi barin a kafa sansanin yaƙi a ƙasarsa, ya kuma gudanar da zaɓen jam'iyyu da yawa a 1969 da 1974 da 1979, lokacin da tsarin jam'iyya ɗaya da juyin mulki ke tashe a nahiyar.

A watan Afrilu na 1980 ya halarci taron Lusaka da ya haifar da ƙungiyar raya ƙasashen kudancin Afirka, ya kuma ga Zimbabuwe ta sami 'yanci. Ya rasu a ranar 13 ga Yuli, 1980, sakamakon cutar sankara, yana da shekara 59, aka binne shi a maƙabartar sarakuna da ke kan dutsen Serowe. Masire ya gaje shi bisa tsarin mulki.

Gwajin farko ya zo bayan shekara guda, lokacin da kasuwar lu'u-lu'u ta faɗi a 1981. Gwamnati ta tara duwatsun a ma'ajiya, ta rage kashe kuɗi, ta rage darajar pula, ta tsallake ba tare da durƙushewa ba. A 1982 Jwaneng ta fara aiki, a 1994 kuma aka kafa asusun ajiya na Pula. Gwaji na yanzu ya fi tsanani: lu'u-lu'un da ake ƙerawa a masana'anta ya karya farashi, ajiyar gwamnati ta ja baya, kuma ƙasar ba ta samo wata sana'a da za ta maye gurbinsa ba. A zaɓen Oktoba na 2024 jam'iyyar da Khama ya kafa ta sha kaye bayan shekara 58 a kan mulki, ta miƙa ragama ga Duma Boko cikin 'yan kwanaki.