Labarin Vidocq, Ɗan Sarƙan da Ya Zama Shugaban 'Yan Sandan Ciki

An haifi Vidocq a garin Arras ta ƙasar Faransa cikin shekarar 1775. Ubansa mai gasa burodi ne, amma yaron ya tashi da ƙiriniya da ɗan hali, har kayan gidansu bai bari ba. Cikin 1796 aka ɗaure shi shekara 8 da aiki mai tsanani bisa laifin takardar jabu. Aka kai shi kurkukun Brest, ya sa tufafin ma'aikatan jirgin ruwa ya sulale. Aka kamo shi aka kai Toulon, nan ma ya gudu.

To, 'yan'uwa, a nan ne labarin ya ke. Da ya fita sai ya sāke suna, ya kama fatauci, yana son ya ci halaliyarsa. Amma ina! Duk inda ya zauna sai tsofaffin abokan sarƙa su gano shi, su yi ta tatsarsa kuɗi don kada su tona shi. Da ya gaji da zaman ɗar-ɗar, cikin 1809 ya yarda ya yi wa 'yan sandan Faris aiki. Daga nan ya kafa ƙungiyar 'yan sandan ciki, ya shugabance ta har 1827, Sarki kuma ya yafe masa laifinsa. Yawancin mutanensa tsofaffin fursunoni ne, abin da ya jawo masa zargi ƙwarai. Ba na cewa hannunsa ya fita tas, gama cin amanar abokai ne ya buɗe masa hanya.

Ni dai abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne wanda ya yi bayan ya bar aiki. Ya zuba dukiyarsa ya gina ma'aikatar takarda a Saint-Mandé, kusa da Faris, ya ɗauki waɗanda aka sako daga kurkuku, maza da mata, domin ya san yunwa da rashin mai ba su aiki su ke mai da su ciki. Maƙwabta suka yi ta gunaguni. Masu saye kuwa suka ƙi biyan cikakken kuɗi, wai ai ƙwadagon fursuna araha ne. Cikin 1831 ya karye.

Duk da haka bai daddara ba. Cikin 1833 ya buɗe ofishin bincike na kansa, ya sāke ɗaukar irin mutanen nan. Ya mutu a Faris cikin 1857, yana da shekara 81.